Jar Lamba a Littafin Maigidana

Babbar 'yarmu ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Ban yi makaranta ba, ko ta kwana ɗaya. Na ce mata ta rubuta yadda maganar ta fito daga bakina, in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni.

Wata takwas ke nan da rasuwar maigidana. Har yau in na dama kunu da safe kofi biyu nake saukowa da su, sai na ajiye su a tebur sannan in tuna. Ba na ɓoye hawayena, ko a coci ko a cikin bas. Mutumin kirki na rasa, me zan ɓoye? Amma abin da nake so a rubuta ba kukan ba ne. Wata magana ce da ya faɗa mini sau ɗaya, na riƙe ta a ciki shekaru masu yawa, sai bayan ya tafi na gane abin da yake nufi.

Ni ba matarsa ta fari ba ce. Ta farin ta rasu a nan New York, ta bar masa yara uku, mace biyu da namiji ɗaya. Shi kuma direban bas ne na birni, tun asuba yake fita. 'Yan'uwansa a gida suka nemo ni. Lokacin na haura talatin, ina toya masa a bakin tasha a garinmu, aurena na fari ya mutu ban haihu ba. Haka na zo Highbridge, hawa na biyar, unguwar da duk inda ka nufa sai ka hau tudu. Ranar da na shiga gidan, wannan da ke rubutu tana da shekara goma sha biyu. Ta dube ni tun daga ɗankwali har silifa, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Rubuta, ai haka aka yi.

A gangaren unguwarmu akwai babban filin wasan besbol. Ranar da ake wasa, in ka buɗe taga za ka ji ihun mutane yana hawowa tudu kamar ruwan sama na tahowa daga nesa. Maigidana ya kamu da son wasan nan tun kafin in zo. Ni abin da na gane kawai shi ne wani yana jifa, wani yana ƙoƙarin bugawa da sanda, sauran suna tsaye kamar masu jiran mota.

Abin mamaki, shi ba manyan 'yan wasan da yara ke saka rigunansu yake so ba. Wani mai jifa bahago yake so, wanda ba ya ma fara wasa. Yana zaune can bayan shinge, sai an yi nisa, mai jifan farko ya gaji ko abubuwa sun dagule masa, sannan a buɗe ƙofa a kira shi ya karɓa. Ya yi jifa kaɗan, a sake cire shi. Wani lokaci ma ba a kiransa sam. An sha sauya masa ƙungiya, daga wannan gari zuwa wancan, maigidana kuwa duk inda aka kai shi yana biye da shi.

Yana da littattafai irin na 'yan makaranta, kowace shekara da nata. Da safe in ba ya aiki, sai ya shimfiɗa jarida a tebur, ya ɗauko biro biyu, ja da shuɗi, da fensir ɗaya. Da jan biro yake rubuta lambar bahagon. Da shuɗin yake rubuta ta kowa da kowa, wato in aka haɗa duk masu jifan gasar aka fitar da matsakaicinsu. Ja a hagu, shuɗi a dama. Can gefe kuma akwai wani siririn layi na fensir. Yana yi yana lissafi da baki, kunu yana hucewa.

Ranar Lahadi bayan coci, in akwai wasan rana, yakan kunna rediyo, ya jawo mini kujera kusa da tasa. Ina tsinke alayyafo ko ina ɓare egusi, shi yana sauraro. Ba na jin Turancin mai rediyon, sauri gare shi kamar ana korarsa, amma ina jin daɗin zaman. In aka kira bahagon sai ya taɓa gwiwata ya ce, "Maman yara, an buɗe ƙofa." Shekarata huɗu ina wannan zaman.

Ba na karatu, amma na san lamba. Na san lambar bas ɗin da ke kai ni Harlem sayen daddawa da busasshen kifi, na san lambar hawanmu a lif, na san uku bai kai huɗu ba. Kuma na san makin yara: in babba ne a yi murna, in ƙarami ne ubansu ya ɓata rai. Saboda haka in ina share tebur idona yakan faɗa kan littafin, in ga jar lamba kusan kullum ba ta kai shuɗiyar ba. Sai na ce a raina, ashe mutumin nan bai kai sa'o'insa ba, shi ya sa ba a fara wasa da shi, shi ya sa ake ta mayar da shi gari gari. Maigidana mai tausayi ne, ko kyanwa ya gani a cikin sanyi sai ya tsaya. Na ɗauka tausayi ne ya sa yake son sa.

Wata Lahadi matan zumunta suka zo gidanmu. Yawancinsu ma'aikatan jinya ne, akwai malamar makaranta. Wata sabuwa a cikinsu, ba ta san ni ba, ta miƙo mini takarda ta ce in karanta mana ayar buɗewa tunda ni ce mai gida. Na riƙe takardar ina dubanta. Wata ta yi maza ta karɓa ta ce, "Mama ta bar tabaraunta a ɗaki," alhali kowa ya san ba ni da tabarau. An ci abinci, an yi addu'a, an watse. Maigidana kuwa yana ɗaki ya ji duka.

Da suka tafi ya kira ni. Littafin yana buɗe a gabansa. Ya ɗora yatsa a kan jar lamba, ya matsar zuwa shuɗiyar, ya dawo kan jar.

"Maman yara, kin ga wannan? Ke ce nan."

Na duba. Jar ba ta kai shuɗiyar ba.

Yana murmushi. Murmushin nan ne ya fi ci mini rai. Na kwashe kofuna na shige kicin, na buɗe famfo don kada a ji ni.

Ban taɓa tambayarsa ba. Mutum ne da ba ya ƙarya, ina tsoron in na tambaya ya faɗa mini a hankali, cikin lallashi, cewa e, ban kai sauran mata ba amma yana so na haka nan. Ban fasa masa komai ba. Na dafa, na wanke, na raka yara asibiti, na tsaya a bakin makaranta cikin dusar ƙanƙara. Mun yi dariya da yawa, mun yi zaman lafiya, ba zan ce ban ji daɗin aurena ba. Abu ɗaya na daina: zaman rediyo. Ran Lahadi ya jawo kujera, in ce ina da aiki a kicin. Ya yi ta jawowa, har wata rana ya daina. Amma ko daga kicin nakan ji shi yana ɗaga murya, "An buɗe ƙofa!" Ni kuwa in ci gaba da tuƙa tuwo.

Dakata, kada ki rubuta tukuna.

To, ci gaba.

Bayan rasuwarsa yara suka ce hawa biyar ya yi mini yawa, lif ɗin ma ba kullum yake aiki ba, in koma wurin babbar a Soundview. Muna haɗa kaya aka ciro kwali daga ƙarƙashin gado, cike da littattafan. Namijin ya bubbuɗa, ya ce da Turanci duk wannan yana cikin waya yanzu, a zubar. Babbar ta dube ni ta ce, "Mama, ke za ki faɗa." Na ce a ba ni kwana biyu.

Na san littafin shekarar da ya yi mini maganar nan, bangonsa kore ne, manja ya taɓa ɗiga a kusurwarsa. Na sa shi a jaka, na gangara tudu a hankali ina riƙe ƙarfen matakala. Ba 'yata na nufa ba, don na san za ta tausasa mini. Akwai wani Malam mutumin Nijar mai sayar da huluna da riguna a kan tebur kusa da tashar jirgin ƙasa. Abokin maigidana ne na musu, shekara da shekaru suna gardamar besbol, ɗaya Musulmi ɗaya Kirista, ba su taɓa yarda da juna a kan ɗan wasa ɗaya ba. Shi na san ba zai rufe mini ba.

Da ya hango ni ya miƙe ya ba ni kujerarsa.

"Mama! Ke da kanki? Ya haƙuri? Allah shi ƙara haƙuri. Zamna, zamna. Wallahi tun da Direba ya tafi ban samu wanda zan yi ma gardama ba, duk mutanen nan yarda suke da ni, ba daɗi."

Na ciro littafin. Yana ganin bangon ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa.

"Littafin bahago! Mutumin nan ya hana ni sakat da bahagon ga."

Na buɗe shafin, na nuna masa. Na ce, "Malam, tsakaninka da Allah. Mutumin nan bai kai sa'o'insa ba, ko? Ga tasa, ga ta kowa. Tasa ce ƙarama."

Ya dube ni, ya dubi littafin.

"Mama, mi kika ce?"

Na maimaita.

Ya dafe kai da hannu biyu. "Kai! Shekara nawa kina gidan Direba? To, saurara. Wannan lambar ba ta abin da ya samu ba ce. Ta abin da aka ci shi ce. Kin taɓa tsaron gona?"

Na ce na yi, ina yarinya.

"In aka ƙirga awakin da suka shige ki suka ci dawa, wa ya fi iya tsaro, mai babbar lamba ko mai ƙarama?"

Na sake duban jar lambar.

"To shi ke nan. Mai jifa tsaro yake. Mai sanda in ya buga sai ya ruga, tasha ta ɗaya, ta biyu, ta uku, in ya dawo gida an ci ɗaya. Aikin mai jifa ya hana su dawowa. Shuɗiyar nan, abin da ake cin kowa ke nan. Jar, abin da ake cin bahago. Shekara da shekaru ana cinsa ƙasa da yadda ake cin mutane. Ni dai ban taɓa faɗa ma Direba ba, don kada kansa ya kumbura, amma gaskiyarsa ce."

Jirgin ƙasa ya wuce a kan gada a samanmu, ƙarfe yana ƙara, teburin yana rawa.

Da ƙarar ta lafa na ce, "To in ya iya, me ya sa ba a fara wasa da shi?"

"Don ba kowa ke iya nasa ba. Mai farawa fili fes yake samu. Shi wannan, sai abu ya ɓaci ake kiransa. Ya shigo ya tarar da mutane tsaye a tashoshi, ba shi ya sa su can ba, kuma ba lokacin shiri." Ya nuna layin fensir. "Kin ga wannan? A kansa muka fi faɗa. In waɗanda ya tarar suka shige gida, a kan mai jifan farko ake rubutawa. In ya tare su, ba a ƙara masa komai a waccan lambar. Direba ya ce wannan rashin adalci ne, shi zai riƙa ƙirgawa da kansa: nawa ya tarar, nawa ya tare. Na ce masa, kai Direba, wa ya aike ka? Ya ce wani dai ya kamata ya rubuta."

Wani mai saye ya tsaya yana gwada hula. Malam ya ce masa da Turanci ya dawo anjima.

Ya sake sunkuyawa kan shafin ya ce, "Akwai rubutu nan ƙasa da Hausa. Amma wannan ba nawa ba ne in karanta. Ki kai ma 'yarki."

Hawan tudun nan ban san yadda na yi shi ba. Na tarar da babbar tana naɗe kwanuka da jarida. Na miƙa mata littafin na ce ta karanta mini abin da ke ƙasan shafin, kada ta ƙara kada ta rage. Ta goge hannu, ta karanta:

"Yau na gaya wa Maman yara. Kunya ta kama ta, ta shige kicin."

Na zauna a kan kwali. Kuka da dariya suka zo mini tare, har na rasa wanne nake yi. Kunya! Ni ina kicin ina zubar da hawaye a kan kofuna, shi yana falo yana jin daɗi ya yabi matarsa har ta ji kunya. Shekara da shekaru muna gado ɗaya, kowa da abin da ya ɗauka. Da na yi tambaya ɗaya tak. Da shi ma ya biyo ni kicin.

Na ba 'yata labarin duka, tun daga takardar matan zumunta. Ta ce, "Mama, ni na sani ai. Ranar da na ce miki ke ba uwata ba ce, Baba ya zaunar da ni da littafin nan. Ya ce, matar nan ta shigo ta tarar da gida a hargitse, ba ita ta hargitsa ba, kuma ba wanda zai rubuta mata. Awa guda yana mini bayanin layin fensir. Na ɗauka kin sani."

Na ce, "Kowa ya sani sai ni."

Muka zauna a ƙasa muka buɗe littattafan ɗaya bayan ɗaya. Yanzu da na san yadda ake dubawa, ba na bukatar kowa. Ja ƙarama, ja ƙarama, ja ƙarama. Sai muka zo wasu shekaru biyu a jere da jar ta fi shuɗiyar girma. Na ce, "Af, nan fa an ci shi."

Ta ce, "Waɗannan shekarun da kika hana ni zuwa fati ne."

Na ce, "Da na bar ki, da yanzu ba ke ke duba marasa lafiya ba."

Ta ce, "Kuma Mama, misalin Baba bai zauna daidai ba. Shi bahagon hana mutane isa gida yake yi. Ke kuwa mu ukun duk kin kawo mu gida."

Na ce ta je kabarin ubanta ta yi masa wannan gardamar, ni na gaji.

Littafin ƙarshe bai cika ba. Bahagon ya yi ritaya a shekarar da ciwon maigidana ya tsananta. A shafin baya ya ja layi biyu, ya shirya wurin da zai haɗa duk shekarun mutumin gaba ɗaya ya gwada da na kowa, amma wurin fanko ne. Hannunsa ya riga ya fara rawa lokacin. 'Yata ta duba waya, nan da nan ta samo lambobin biyu. Ta ɗauki biro za ta rubuta, na ce a'a, ta rubuta shuɗiyar, jar tawa ce.

Jan bironsa yana cikin kwalin, sai da na goga shi a bangon littafi sau da yawa kafin ya kawo. Ta riƙe mini wayar, ina duba ina kwaikwaya. Na daɗe a kai. Lambar ta fito a karkace, ɗaya ta hau kan layi. Amma ana gane ta, kuma ba ta kai shuɗiyar ba. Layin fensir muka bar shi yadda yake, don wannan shi kaɗai ya san yadda yake ƙirga shi.

Ba a zubar da ko ɗaya ba. Kwalin yana ƙarƙashin gadona a nan Soundview. Daga nan ba a jin ihun fili, sai jiragen sama. Ina da ɗakina, taga tana kallon wata bishiya, jikoki suna shigowa su yi mini Turanci in ba su amsa da Hausa. Lafiyata ƙalau sai gwiwa. Abin da ke sa ni kuka yanzu shi ne Lahadin nan masu yawa da na yi a kicin, kujera tana jira na a falo. Wannan ba ya dawowa, na sani.

Rediyonsa na wurina. Ran Lahadi in mun dawo coci nakan kunna, in ɗauko tiren egusi. Har yanzu ba na jin Turancin mai rediyon. Amma na gane wurin da muryarsa ke sauyawa, a saka kiɗa, mutane su yi ihu, wato an cire na farko ana kiran wani. Ban san ko wane ne ba, ban san ko bahago ne ba. Nakan ajiye egusin in saurara har ya gama.

Makon jiya 'yata tana kicin tana wanke shinkafa lokacin da kiɗan ya tashi. Na ɗaga murya na ce, "An buɗe ƙofa!" Ta ce tana zuwa, bari ta ɗora tukunya. Na ce ta bar tukunyar nan ta zo yanzu. Ta fito da hannu a jiƙe, ta jawo kujera.